Gidajen da Ake Gudu

Akwai wasu shekaru a Jos da in ka ji an ce an kai wane ƙauye, ba sai ka tambayi dalili ba. Mutum zai rame, zawo ya ƙi tsayawa, tari ya kama shi, a kwantar da shi a asibiti a sallame shi, a sake kwantarwa a sake sallama. Daga nan dangi su zauna su yi lissafi, su ga cewa kuɗin motar mai rai ya fi na gawa sauƙi, sai a sa shi a mota a nufi Pankshin ko Langtang ko Kafanchan. Bayan mako biyu ko uku a yi sanarwa a majami'a cewa ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya. Wasu su ce taifot ne, wasu su ce sammu aka yi masa. Sunan cutar kuwa babu mai kama shi a fili. A bayan idon dangi ne ake raɗa cewa ƙanjamau ce, marasa tausayi su ce kabari kusa.

Tun 1986 aka ba da rahoton mutum na farko da ya kamu da ita a Najeriya, amma an daɗe ana ganin cutar Turawa ce, ko ta mutanen Legas. Ko da Fela ya rasu a watan Agustan 1997, yayansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya taɓa zama ministan lafiya, ya fito ya gaya wa duniya abin da ya kashe shi, mutane cewa suka yi ai wannan mawaƙi ne, rayuwarsa daban ce da tamu. Zuwa 2001 binciken da gwamnati ke yi a kan mata masu zuwa awon ciki ya nuna kashi 5.8 cikin ɗari suna ɗauke da ƙwayar cutar. Kusan mace ɗaya ke nan a cikin 17, kuma yawancinsu matan aure ne, irin waɗanda muke zama da su a benci ɗaya ranar Lahadi.

A wannan shekarar na shiga aikin. Ni haifaffiyar ƙasar Malumfashi ce a jihar Katsina, daga gidan Hausawa Kirista. Na yi makarantar koyon aikin lafiya, na zo Jos wurin goggona neman aiki. Da ikilisiyarmu ta buɗe sashen kula da masu cutar a gidajensu, ta nemi masu sa kai, sai na ba da sunana. Tun ina yarinya nake jin labarin masu bishara da ake aikawa ƙauyuka masu nisa da keke da fitila, ina kuma sha'awar aikin mishan. Nawa filin mishan ɗin ya zama Tudun Wada da Jenta da Anguwar Rukuba da Bukuru, wuraren da kuɗin acaɓa ke kai mutum.

Bangaskiyar da na zo da ita ta gida ce, mai kyau kuma. Na haddace ayoyi a makarantar Lahadi, na yi waƙa a ƙungiyar mawaƙa, ina ba da zakka daga ɗan abin da na samu. Sai dai ba a taɓa gwada ta a ɗakin da ke warin ciwo ba. A kan bagade kuma, a majami'u da yawa, abin da ake ji game da cutar shi ne bulala ce Allah ya aiko wa mazinata. Mai ɗauke da ita yana zaune a wurin, yana ji, yana sunkuyar da kai, ya koma gida ya ƙara rufe bakinsa.

Shugabarmu wata dattijuwa ce daga Zumuntar Mata, tsohuwar ungozoma, kowa Mama yake ce mata. Ita ta haɗa mana jaka: safar hannu, sabulu, ruwan Jik, man Basilin, auduga, shuɗin maganin da ake shafa wa farin da ke fitowa a baki, ƙullin gishiri da sukari na mai zawo, Panadol, sai Septrin in an samu. Littafi Mai Tsarki yana ciki, amma ta ce a ƙasan jaka za mu sa shi, sabulu a sama. Ta ce mai kwance cikin najasarsa ba ya jin wa'azi, a fara wanke shi tukuna. Kullum maganarta ita ce zumunta a ƙafa take.

Gidan da ta fara kai ni yana Tudun Wada, gidan haya mai ɗakuna a jere. Muka yi sallama, surukar mai jinyar ta nuna mana wani ɗaki a can baya inda ake ajiye gawayi. Matar ba ta wuce shekara talatin ba. Mijinta direba ne, ya rasu bara waccan. Tana kwance a kan tabarma, ƙasusuwan kafaɗarta sun fito, leɓunanta sun tsage, ƙudaje suna bin zanenta. An ware mata kwano ɗaya da kofi ɗaya, an ɗaura wa hannun kofin jan zare don kada wani ya yi kuskure. Abinci kuwa a bakin ƙofa ake ajiye mata, a tura da ƙafa.

Mama ta tuɓe takalmi ta zauna a tabarmar. Ta ce, "'Yata, ƙishi nake ji. Akwai ruwa a kofin nan?"

Matar ta ce da ƙyar, "Mama, kofina ne."

Mama ta ce, "Na gani." Ta ɗauka ta sha, ta ajiye. Surukar tana tsaye a bakin ƙofa, ta dafe ƙirji.

Muka ɗora ruwa, muka yi mata wanka, muka shafe mata baya da mai inda kwanciya ta fara cin fata, muka jiƙa zannuwan a ruwan Jik. Mama ta dama kunun gyaɗa ta ba ta cokali-cokali. Sai da aka gama duk wannan ta juya wurin surukar ta yi mata bayani cikin natsuwa: cutar ba ta bin kofi, ba ta bin gaisuwa, ba ta bin sauro. Jini ne, da kwanciyar aure, da uwa zuwa jariri. Sa'an nan aka zaro Littafin daga ƙasan jaka. Da muka koma bayan kwanaki, mun tarar an dawo da matar ɗakin gaba, surukar tana tsefe mata kai. Matar ba ta tashi ba, ta rasu kafin damina ta fita. Amma ta rasu a hannun mutane, 'ya'yanta biyu suna kusa da ita.

A hanyar komawa gida ranar farkon nan kakana ne ya faɗo mini a rai. Kakana na wajen uba kuturu ne. A shekarar 1937 mishan ɗin SIM ya karɓi kula da mazaunan kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, wato Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Kakana ya yi shekaru a Babbar Ruga, ya dawo da guntayen yatsu da kuma bangaskiyar da duk gidanmu muka gada. Ina ƙarama na taɓa tambayarsa wane wa'azi ne ya ja shi. Ya yi dariya ya ce shi bai riƙe wa'azi ko ɗaya ba. Abin da ya riƙe shi ne wata ma'aikaciya da take wanke masa gyambon ƙafa ba ta kawar da fuska, ba ta toshe hanci. Na daɗe da sanin labarin da ke cikin Bisharar Markus sura 1, inda kuturu ya zo wurin Yesu. Wanda ya tsayar da hadari da magana ɗaya, da ya so da daga nesa zai warkar da shi. Amma sai da ya miƙa hannu ya taɓa shi. A Tudun Wada na gane dalilin da ya sa marubucin bai tsallake wannan taɓawar ba.

Shekarun farko shekarun jana'iza ne. Yawancin waɗanda muke ziyarta sun mutu, domin abin da ke jakarmu yana rage wahala ne kawai, ba ya taɓa ƙwayar cutar. Tarin fuka ya ɗauki wasu, sanƙarau ya ɗauki wasu, zawo ya ƙarasa yara. Na yi azumi, na yi addu'ar dare, na kama sunayensu ɗaya bayan ɗaya a gaban Ubangiji, aka ci gaba da haƙa kaburbura. Wanda bai taɓa roƙon ran yarinya 'yar shekara shida ba, ya wayi gari ya ga ana naɗe ta a zanen uwarta, ba zai san nauyin da ke sauka a kan bangaskiyar mutum ba. Akwai dararen da na durƙusa ban iya cewa komai ba.

Wanda ya buɗe mini ƙofa a nan wani malamin firamare ne a Jenta. Dā dattijon ikilisiya ne, aka sa shi ƙarƙashin horo da maganar ta fito, abokan zamansa suka ɗauke ƙafa. Idanunsa sun fara mutuwa, don haka ni nake karanta masa. Ina zaɓo masa wuraren ta'aziyya, sai wata rana ya ce, "'Yata, buɗe mini Zabura ta 88." Ban saba da ita ba. Zabura ce da ta fara da kuka ta ƙare cikin duhu, mai yin ta yana ƙarar cewa abokansa sun guje shi, babu ko aya ɗaya ta murna a ƙarshenta. Da na gama na yi shiru, ina tsoron na ƙara masa nauyi. Sai ya ce, "Tunda Allah ya bar wannan a cikin Littafinsa, ya san da irina." Daga ranar addu'ata ta sake. Na daina ƙoƙarin gyara kalmomina kafin in kawo su gaban Allah. Ina zuwa da fushin, da gajiyar, da tambayar da ba ta da amsa, in ajiye su yadda suke, kuma ban taɓa jin an kore ni ba.

Akwai tambaya ɗaya da ta riƙa bin mu gida-gida: a ina ta samo? Maƙwabta su yi ta, dangi su yi ta, har wasu shugabannin ikilisiya su ja mu gefe su yi ta. Tsohuwar tambaya ce. Almajirai sun yi irinta a kan mutumin da aka haifa makaho, cikin Bisharar Yohanna sura 9, suna son sanin ko laifinsa ne ko na iyayensa, Yesu kuwa ya ture tambayar ya shiga aikin buɗe masa ido. Na ga matan da ba su taɓa sanin wani namiji ba sai mijin aurensu. Na ga wanda ƙarin jini ya jawo masa, a lokacin da ba kowane asibiti ke tantance jini ba. Na ga jarirai. Na kuma ga waɗanda da bakinsu suka ce sun yi yawon banza, kuma ban ga inda aka rubuta cewa su ba za a wanke su ba. Ra'ayina a kan wannan bai taɓa canzawa ba: tambayar nan ba ta taɓa ciyar da maraya ko ɗaya ba, amfaninta kawai ta ba mai yin ta hujjar zama a gida.

A wajen Bukuru akwai wata tsohuwa da muke kira Kaka, tana wankin kuza a tsoffin ramukan ma'adinai tana sayarwa. Ta binne 'ya'yanta uku, aka bar mata jikoki cike da ɗaki. Mukan kai mata masara da man ja daga baikon Zumuntar Mata, wani lokaci da kuɗin makaranta. In an zuba gwate za a ci, sai ta tara yaran ta yi addu'a, ta kira sunan kowane ɗa da ta binne, ta ce, "Ubangiji, aro ka ba ni, ka karɓi abinka, na gode da kwanakin da ka bar mini su. Waɗannan da suka rage kuma ka ba ni ƙarfi in ga girmansu." Ba ta iya karatu ba. Ni da na je da sunan mai ƙarfafa ta, nakan fito daga gidan nan ne da abin da zan rayu a kai har mako ya zagayo.

Ranar 7 ga Satumba 2001 rikici ya ɓarke a Jos, garin ya rabu, Kirista suka koma unguwanninsu, Musulmi suka koma nasu. Cutar ba ta bi wannan rabuwa ba. A layin asibiti, ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ko a Jankwano, ko a Faith Alive da Dakta Chris Isichei ya kafa a 1996 yana duba marasa galihu kyauta, mai hijabi da mai ɗankwalin Zumunta benci ɗaya suke zama, kowace da katinta a hannu. A irin wannan layi na haɗu da wata baiwar Allah daga Gangare, ta ji Hausata ta Katsina ta ce 'yar garinsu ce ni, ta roƙe ni in zo in duba 'yarta. Na yafa mayafi na je. Ban ɓoye ko ni wace ce ba, su ma ba su nemi in ɓoye ba. Inna, haka nake ce mata, ta yi jinyar 'yar nan da haƙurin da ban taɓa ganin irinsa ba. Mijin 'yar ya sake ta da ya ji sakamakon gwaji, uwar ta ɗauko ta ta sa a ɗakinta, a kan gadonta. Ranar da jikin ya yi tsanani na ce, "Inna, kun yarda in yi mata addu'a?" Ta ce, "Yi taki, 'yar nan, ni ma in yi tawa." Ta ja carbinta, ni na sunkuyar da kai.

Mama ta kafa mana doka tun farko, cewa ba a sayen mutum da sabulu. Wanda ya tambaye mu dalilin zuwanmu, mu gaya masa gaskiya, ƙaunar Almasihu ce ta aiko mu. Wanda bai tambaya ba, mu yi masa aikin mu tafi. Har yau ina kan wannan. Duk wanda ya riƙe magani ko abinci a hannu ya ce wa mai jin yunwa sai ka bi addinina, ya kunyata bisharar da yake ɗauke da ita.

Maganin rage ƙarfin cutar ya daɗe a Turai da Amurka, tun 1996 ake haɗa kala uku ana ceton mutane da shi, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta fara shirin ba manya 10,000 magani a cibiyoyi 25, mutum ya biya naira 1,000 a wata. Mafi ƙarancin albashi a jihohi a lokacin naira 5,500 ne, ga kuɗin gwaje-gwaje daban, ga kuɗin mota, ga gurbin ma ba ya samuwa. A nan na ga abin da har yanzu in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Miji da mata duk suna ɗauke da cutar, kuɗin mutum ɗaya ne ke akwai. Wa zai sha? Na san gidan da mijin ya ce matar ta sha domin ita za ta riƙe yara. Na san gidan da suka riƙa raba ƙwayar biyu, ba su san cewa rabin magani yana koya wa ƙwayar cutar yadda za ta bijire masa ba. Wajen 2004 kuma maganin ya yanke a cibiyoyi na tsawon watanni, waɗanda suka fara murmurewa suka koma baya.

Sai sauƙi ya zo. A 2003 shugaban Amurka George W. Bush ya sanar da shirin PEPFAR na dala biliyan 15, Najeriya tana cikin ƙasashe 15 da aka fi mayar da hankali a kansu, a 2004 maganin ya fara isowa Jos. Daga 2006 gwamnati ta ce a riƙa bayarwa kyauta. Abin da idanunmu suka gani bayan haka, ba mai iya ba da labarinsa yadda ya kamata. Matar da muka ɗauko a bayan acaɓa, mutum ɗaya yana tuƙi ɗaya yana tallafe da ita don kada ta faɗi, bayan wata shida sai ga ta a kasuwar Taminus tana cinikin tumatir, ta yi ƙiba har na wuce ta ban gane ta ba, sai da ta kira ni. Aikinmu ya juya daga wankan masu mutuwa zuwa ƙirga ƙwayoyi, da tunatar da mutane ƙarfe bakwai na safe da bakwai na yamma, da neman jarin sana'a ga waɗanda suka riga suka raba kayansu suna jiran kabari. A rikicin Nuwamban 2008, da hanyoyi suka rufe, na ga 'yan ƙungiyar masu shan magani suna karɓar katin juna, Kirista ta karɓo wa Musulma, Musulma ta karɓo wa Kirista, a haɗu a bakin iyaka a miƙa.

Ni a wurina wannan magani amsar addu'o'in shekarun jana'iza ne. Ya zo a makare ga malamin Jenta da 'ya'yan Kaka, kuma ban san dalilin jinkirin ba, na bar wa Mai shi. Amma ya zo, ta hannun masu bincike da likitoci da masu fafutukar da suka matsa aka karya farashi, waɗansunsu ma ba su san sunan Allah ba, ya kuwa yi aiki da su. Shi ya sa babu abin da ke tayar mini da rai kamar masu kiran kansu annabawa da ke ce wa mutane su zubar da magani don nuna bangaskiya. Na san wata yarinya, mawaƙiya mai murya, wadda ta murmure sarai. Aka kai ta wani dutsen addu'a, aka ɗora mata hannu aka ce ta warke, shan ƙwaya kuma shakka ce. Ta zuba su a masai. Ba ta kai Kirsimeti na biyu ba. Wanda ya gaya mata haka bai zo jana'izar ba, mu muka wanke ta. Ina gaskata cewa Allah yana warkarwa, na kuma ga ikonsa da idona. Amma wanda ya ce an warke, a je a yi gwaji, gaskiya ba ta tsoron gwaji.

Sha'anin jarirai ya fi kowanne taɓa ni. In ba a yi komai ba, tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari na jariran uwaye masu cutar suna kamuwa, a ciki ko wurin haihuwa ko ta nono. A farkon shirin kariya ana ba uwa ƙwayar Nevirapine guda ɗaya ta haɗiye in naƙuda ta fara, jariri kuma a ɗiga masa na ruwa cikin kwana uku. Mata sukan ƙulle ƙwayar nan a bakin zane su yi ta yawo da ita har wata tara ya cika. Bayan haihuwa sai maganar nono ta taso. A lokacin ana ba da shawarar madarar gwangwani ga mai hali, to amma macen da ta haihu ba ta ba da nono ba, ai ta yi shelar kanta a gaban uwar miji da 'yan barka. Wasu sai su ba da nono in akwai mutane, madara in babu kowa, wannan gaurayawar kuwa ita ta fi haɗari. Daga 2010 aka koma ga shawarar uwa ta shayar tana shan maganinta. Gwajin da muke da shi a farko kuma ba ya tabbatar da matsayin yaro sai ya kai wata 18. Shekara ɗaya da rabi uwa tana kallon kowane zazzaɓi da kowane ƙurji da faɗuwar gaba. Na raka wata karɓar sakamako, da ma'aikaciyar ta ce yaron ba shi da ita, sai ta zube a kan simintin ofis ɗin, goshinta a ƙasa, tana ta maimaita godiya ga Allah da yarensu, yaron yana bayanta yana wasa da ɗankunnenta.

Ikilisiya ma ta yi tafiya a shekarun nan, ko da yake da jan ƙafa. Na ga lokacin da ake tsallake mutum a wurin Jibin Ubangiji. Na ga dangin miji, masu zuwa sujada kowace Lahadi, suna kwashe kayan gwauruwa har da katifa, suna cewa ita ta kashe musu ɗa. Na kuma ga ranar da wata mata ta miƙe a lokacin shaida, a gaban jama'a cike da majami'a, ta ce tana ɗauke da cutar, tana shan magani, tana kuma gode wa Allah. Wurin ya yi tsit. Baba Fasto, tsoho mai furfura, ya sauko daga bagade ya kama hannunta ya tsaya tare da ita, bai ce komai ba. Bayan an tashi mata uku suka same ta a bayan majami'a, kowace da nata sirrin. Makarantun tauhidi sun fara koyar da darasin cutar, fastoci suka fara zuwa gwaji a gaban membobinsu, kalmar bulala ta ragu a kan bagade.

Yau abubuwa sun sauya ƙwarai. Babban binciken da aka yi gida-gida a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ita, kimanin mutum miliyan 1.9 a ƙasar. Tun 2016 ba a jiran garkuwar jiki ta faɗi, da an gano ake fara magani, yawanci ƙwaya ɗaya a rana. Likitoci sun tabbatar cewa wanda ke shan magani har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa abokin aurensa. Akwai dokar 2014 da ta hana nuna wa masu cutar bambanci a wurin aiki da makaranta da asibiti. Jikokin Kaka sun girma, ɗaya ma'aikaciyar jinya ce yanzu.

Amma ƙyamar ba ta mutu ba, ta koma wurin neman aure. Yaran da aka haifa da cutar a shekarun can yanzu samari ne da 'yan mata, lafiyayyu, masu ilimi, ba su yi wa kowa laifi ba. Da yawansu suna ɓoye kwalbar magani a ƙasan akwati a makarantar kwana, wasu suna daina sha don kada abokan ɗaki su gani. In maganar aure ta zo, aka kai takardar gwaji gaban kwamitin ikilisiya, sai ka ji labarin ya riga su isa gida. A farkon 2025 kuma, da Amurka ta dakatar da tallafin da take ba ƙasashen waje, wayata ba ta huta ba, tsoffin abokan tafiya suna tambaya ko za a koma zamanin raba ƙwaya biyu. Ran mutum miliyan biyu bai kamata ya rataya a kan zaɓen wata ƙasa ba, wajibi ne gwamnatocinmu su sa kuɗin maganin nan a kasafinsu.

Roƙona ga fastoci da dattawa da limamai shi ne ku riƙe sirrin da aka ba ku amana, kada kuma ku hana aure saboda takardar gwaji kafin ku zauna da likita. Iyaye mata na Zumunta, ku sake ɗaura jakar nan, akwai matasa a unguwanninku da ke shan magani a ɓoye ba mai tambayar lafiyarsu. Ke kuma mai ciki, je ki awo ki yi gwaji tare da maigidanki. Kai da ke kan magani, ko wa ya ɗora maka hannu ya ce ka warke, ka ce amin, ka sha ƙwayarka a kan lokaci.